Daga Excel Zuwa Maɗaba'a: Fitar da Zanen Alƙaluma Yadda Zai Gyaru



Duk wanda ya taɓa duba kundin digiri ya san abin da zan yi magana a kai. Ɗalibi ya sha wahalar tattara alƙaluma, ya zuba su a Excel, zane ya fito tsaf a fuskar kwamfuta. Da aka kai wurin buga kundi sai layukan suka dushe, rubutun gefe ya zama dishi-dishi, har mai jarrabawa ya kasa bambance 3 da 8. Galibi akan ɗora wa injin bugawa laifi, alhali tun a wurin fitar da zanen aka yi ɓarnar.

Kwamfuta tana adana hoto ta hanya biyu. Ta farko ita ce ta ɗigo-ɗigo, irin PNG da JPEG, inda ake jera dubban ƙananan ɗigo, kowanne da launinsa. Adadinsu ƙayyadadde ne, don haka in ka ja hoton ya girma, ɗigon ne ke kumbura. Ta biyu ita ce ake kira bekta, irin SVG da EPS da EMF, da kuma PDF in an fitar da shi daidai. A nan umarni ake adanawa: ja layi daga wuri kaza zuwa wuri kaza, kaurinsa kaza, launinsa kaza. Kamar awon da ake ba tela ne, wanda zai iya sake yanka da shi a kowane yadi. Shi ya sa zane ɗaya zai fita garau a shafin littafi, ya kuma fita garau a allon talla. Lissafin lanƙwasa layin ma daga masana'antar mota ya samo asali, wurin injiniyoyin Faransa biyu, Paul de Casteljau na kamfanin Citroën da Pierre Bézier na Renault. Daga baya kamfanin Adobe ya shigar da shi cikin PostScript a 1984, sai PDF a 1993, sannan aka amince da ƙa'idar SVG a 2001.

Mu ɗan yi lissafi. Masu ɗab'i sukan nemi ɗigo 300 a kowane inci. Zane mai faɗin santimita 15 ke nan yana buƙatar ɗigo kusan 1,770 a faɗinsa. Wanda aka ɗauko daga fuskar kwamfuta sau da yawa ko rabin haka ba ya kaiwa, in kuma ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto, a ƙara matse shi.

Fitarwar ba ta da wuya. A Google Sheets akwai zaɓin sauke zane a matsayin SVG ko PDF. A LibreOffice Calc, wanda kyauta ne, sai ka danna zanen da maɓallin dama ka fitar da shi a SVG. Sababbin fitowar Excel ma suna yin haka. Mai tsohuwar Excel kuwa ya ajiye zanen a shafinsa shi kaɗai, ya adana a matsayin PDF. Daga nan, don gyara zanen, sai a buɗe da Inkscape, wanda shi ma ba a biyan ko kwabo, ko da Adobe Illustrator ga mai hali. Za ka tarar an ɗaure sassan zanen rukuni cikin rukuni. Sai ka yi ta kwancewa kafin ka iya kama sanda ɗaya ko kalma ɗaya. Aiki ne na haƙuri, musamman karon farko.

Akwai matsalar da ta fi shafar mu masu rubutu da Hausa, ita ce ta haruffa masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ ga 'yan'uwanmu na Nijar. Fayil ɗin SVG yakan ambaci sunan salon harafin ne kawai, ba ya ɗauke da shi. In kwamfutar maɗaba'a ba ta da wannan salon, sai ta musanya da wani, a wayi gari "ƙananan hukumomi" ta fito da akwati a mazaunin ƙ, ko harafin ya yi dabam da sauran. Maganin shi ne a zaɓi salon da ke da haruffanmu, irin Charis SIL ko Noto Sans, sannan kafin a miƙa aiki a mayar da rubutun ya zama zane. Sai dai da zarar an yi haka, ba a iya sake gyara kalma. Don haka a ajiye kwafi biyu: mai gyaruwa a hannunka, wanda aka daskarar a hannun mai bugawa. A kuma tuna cewa launin fuskar kwamfuta ba shi ne na tawada ba, kuma kundi da yawa baƙi da fari ake buga su. Ja da kore za su iya komawa toka iri ɗaya.

Yanzu ga inda na fi so ku saurara. Daga lokacin da zane ya bar Excel, ya rabu da alƙalumansa. In ka canza lamba a jadawali, zanen ba zai motsa ba. In ka ja sanda ta ƙara tsawo a Inkscape, babu abin da zai hana ka, babu kuma alamar da za ta nuna. Sauƙin da ke ba ka damar gyara rubutu shi ne ke ba ka damar yin ƙarya, ko da gangan ko bisa kuskure. William Playfair, ɗan Sikotilan da ya buga zanen sanduna a 1786, ya gina shi ne a kan cewa tsawon sanda daidai yake da adadi, kuma mai karatu har yau a kan haka yake yarda da mu. A ganina abin da ya halatta a gyara shi ne launi, girman rubutu, kaurin layi, fassara sunaye da kawar da adon da ba shi da amfani. Tsawon sanda, mazaunin ɗigo da ma'aunin gefe ba a taɓa su. In an gano kuskure a adadi, a koma jadawali a gyara, a sake fitarwa.

Kirana ga sassanmu shi ne a riƙa karɓar kowane zane tare da jadawalin da ya haife shi, a kuma ware ko awa biyu ne a darasin dabarun bincike don koya wa ɗalibai wannan aiki.