Rufe Taga Bai Isa Ba: Iskar Ɗaki a Lokacin Hayaƙin Gobarar Daji

Shugaban taro, malamaina, jami'an lafiya da na muhalli, iyayenmu mata da sauran jama'a, lokacin da aka ba ni kaɗan ne.

Ba sai na tsaya bayanin PM2.5 ba, yawancinku kun san shi: ɓurɓushin hayaƙi ne mai tsananin ƙanƙanta, wanda ke wuce hanci ya sauka can cikin huhu. Kun kuma ga hotunan birnin New York na ranar 7 ga Yunin 2023, da sama ta rine da hayaƙin dazuzzukan Kanada, a shekarar da wuta ta cinye fiye da hekta miliyan 15 a ƙasar. A Ostareliya, gobarar 2019 zuwa 2020 ta kashe mutum 33 kai tsaye, amma masu bincike sun ƙiyasta cewa hayaƙinta ya yi ajalin fiye da 400, mutanen da wuta ba ta taɓa jikinsu ba.

Ga inda nake da ja. Duk lokacin da hayaƙi ya turnuƙe gari, sanarwar hukuma guda ce: ku zauna a gida, ku rufe ƙofa da taga. Na daɗe ina gaya wa abokan aikina cewa wannan rabin shawara ce, suna cewa na cika tsanani. To, bari alƙaluma su raba mu.

A 2021, masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili suka fitar da wani aiki da nake so kowane jami'in lafiya ya karanta. Sun tattara bayanan ƙananan na'urorin auna iska na PurpleAir, waɗanda mutane suka saya da kuɗinsu suka kafa, a gine-gine fiye da 1,400 a yankunan San Faransisko da Los Anjelis. Suka kwatanta iskar cikin gida da ta waje. A ranakun da babu gobara, kimanin kashi 40 cikin 100 na ɓurɓushin waje ne ke samun shiga ciki. A ranakun hayaƙi, da mutane suka rufe gidajensu, wasu suka kunna injin tace iska, adadin ya sauka zuwa kashi 20. Masu sanarwar rufe taga nan suke tsayawa su yi tafi. Ni kuwa sai in ce a karanta layi na gaba: duk da wannan raguwa, ɓurɓushin da ke cikin gidajen ya kusa ninkawa sau uku a ranakun hayaƙi.

Mu yi lissafi. A ce na'urar waje ta nuna maikirogiram 150 a kowace kubik mita ta iska, abin da ba baƙo ba ne a irin waɗannan ranaku. Kashi 20 nasa 30 ke nan. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2021 shi ne 15 a yini guda. Wato gidan da ya yi ƙoƙari ma ya ninka ma'aunin sau biyu. Sannan ku tambayi kanku, su wane ne ke sayen na'urar auna iska su kafa a falo? Masu hali ne, masu gidajen da ƙofofinsu ke rufuwa ruf. Binciken ya nuna sababbin gine-gine da masu na'urar sanyaya ɗaki ko ta tacewa sun fi tsira. Idan haka abin yake a gidan mai hali a Kalifoniya, yaya ɗakin da ke da rata tsakanin bango da kwano, ga taga mai fale-falen gilashi da ba ta haɗuwa, ga ƙofar langa-langa?

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna fiye da rabin filin da ke ƙonewa a duniya kowace shekara a Afirka yake. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mafarauci na cinna wa daji wuta don gafiya, makiyayi na ƙona busasshiyar ciyawa don sabon tsiro, a cikin gari ana ƙona bola, ga ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi. Mu ma muna da lokacin hayaƙi, ba mu dai auna shi a ɗakunanmu.

Abin da nake kira gare shi shi ne tacewa. A ware ɗaki guda a gida, wanda tsofaffi, jarirai, mai juna biyu da mai ciwon asma za su kwana. A toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a liƙe kafofin taga, sannan a sa abin da zai cire ɓurɓushin da ya riga ya shiga. Injin tace iska mai matatar HEPA ya fi, ga mai kuɗinsa. Wanda ba shi da su, akwai akwatin da Richard Corsi da Jim Rosenthal suka ɓullo da shi a 2020: matatai huɗu masu lambar MERV 13, fanka mai kusurwa huɗu, kwali da salatif. Gwaji ya nuna yana gogayya da injunan kanti da suka ninka shi tsada. Ɗalibin makarantar koyon sana'a zai haɗa shi kafin la'asar.

Za a ce babu wutar lantarki. Fanka mai caji da ƙaramin farantin sola sun cika kasuwanninmu, kuma ba a ce a tace gida duka ba. Za a ce a hana ƙunar daji tun daga tushe. Madalla, a hana, amma yaron da numfashinsa ke sarƙewa yau da dare ba zai jira doka ba.

Yanzu iyayenmu mata, ku gafarce ni. Ɗakin da aka rufe yana riƙe duk hayaƙin da aka tayar a cikinsa. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, suya, sigarin maigida, duk su dakata a wannan ɗaki har iska ta washe. Tsintsiya tana tayar da abin da ya kwanta, gara a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Mafi haɗari shi ne kaskon gawayi da ake shiga da shi don jin ɗumi, da janareto a bakin taga. Iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum cikin barci. Rufe taga a kunna gawayi gudun gara ne a faɗa gidan zago. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Idan kuma zafi ya tsananta, a buɗe a sha iska a lokacin da hayaƙin waje ya lafa, domin zafin ma yana kisa. In fita ta zama dole, takunkumin N95 ne ke tare wannan ɓurɓushi. Gyale da rawani ƙura mai kauri kawai suke tarewa.

Ga buƙatata ga hukumomi. A kafa na'urorin auna iska a cikin azuzuwa da ɗakunan jinya, a riƙa faɗin sakamakon a rediyo. Kowace cibiyar lafiya ta matakin farko ta sami ɗaki guda mai tatacciyar iska. A cire haraji a kan matatai. Jami'an da ke zaune a nan, ina roƙonku, sanarwar da za ku fitar a hunturu mai zuwa ta ƙunshi abu uku: a rufe, a tace, kada a kunna wuta a ɗaki.