Amsar Wasiƙunku: Mota Na Cin Taya Bayan An Ɗaga Ta

Wani mai sauraronmu daga Giwa ya rubuto cewa ya ƙara wa akori-kurarsa sifirin don ta daina dukan ƙasa a hanyar kasuwa, yanzu kuma tana ja gefe guda, tana cin taya.

To Malam, wajen ɗaga mota aksul yakan goce. Tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, sitiyari a miƙe, ka auna da igiya daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya, hagu da dama. In awon ya bambanta, bakanike ya daidaita aksul, ya ɗaure notuna, sannan a yi alaimen. A duba tiyon birki, kada ya ɗame ya tsinke. Kuma a rage tula buhuna sama, doguwar mota saurin kifewa gare ta.

Allah ya kiyaye hanya.