Filin Wasa na Ahmadu Bello: Kallo Kawai Za Mu Tsaya Yi?

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara)



An ba ni minti biyar in yi magana a kan wasanni. Na zaɓi wurin da kowa a cikinmu ya sani, wato Filin Wasa na Ahmadu Bello da ke kan titin Constitution a nan Kaduna. An gina shi a shekarun 1960, lokacin da Kaduna take hedikwatar Jihar Arewa, aka sa masa sunan Firimiya, Sardaunan Sakkwato. Ba don ƙwallon ƙafa kaɗai aka yi shi ba. Akwai wurin tsere da tsalle-tsalle, akwai kuma zaurukan wasannin cikin gida.

Filin nan ya ga manyan baƙi. Kaduna ta karɓi gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da 2009. An buga wasannin cin kofin duniya na matasa 'yan ƙasa da shekara 20 a cikinsa a 1999, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A watan Maris na 2016, ranar da Najeriya ta yi kunnen doki 1-1 da Masar, jama'a sun fi ƙarfin kujerunsa 16,000, har wasu suka hau turakun fitilu don su gani.

To, jama'a, wannan ya nuna mun iya kallo. Amma su wa za a kalla gobe?

Na tuna ranar gasar makarantu, da malamin wasanni ya zuba mu a babbar mota ya kawo mu filin nan. Na yi tseren mita 400 ba takalmi, na zo na huɗu. Ban sami kofi ba, amma a ranar na koyi cewa wanda ya kayar da kai ba maƙiyinka ba ne. Malam, ga ka nan zaune, Allah ya saka da alheri.

Makon jiya na leƙa filin makarantarmu. Ciyawa ta cinye shi, awaki suna kiwo a bakin raga. An shaida mini shekara uku ke nan ba a yi gasar gidaje ba. Yaron da bai yi gudu a filin makaranta ba, yaya za a yi ya isa babban fili?

Saboda haka ina roƙon abu uku. Mu share filin makaranta mu shata layukansa. Mu ɗauki nauyin gasar gidaje kowace shekara, da ƙwallaye da riguna da kofi. Sannan mu biya kuɗin motar da za ta riƙa kai zakarunmu gasar makarantu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ma'aji yana bakin ƙofa da littafinsa. Ni na fara sa nawa.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya.