Yawon Buɗe Ido da Ƙaramin Aljihu: Mu Shiga Birni Mu Ga Gari

(Jawabin da aka yi wa 'yan'uwa ma'aikatan masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai a taron zumunta)

Na san waɗansunku daga aikin dare suka wuto nan, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Bari in fara da tambaya. A cikinmu akwai waɗanda suka shekara goma a Kano, akwai masu ashirin, akwai ma waɗanda aka haifa a nan. To, mutum nawa ne suka taɓa hawa dutsen Dala? Nawa ne suka taɓa shiga Gidan Makama, ko suka tsaya a bakin marinar Ƙofar Mata? Yawancinmu hanya uku muka sani: ta kamfani, ta majami'a, da ta kasuwar Sabon Gari. Idan hutun Kirsimeti ya zo sai mu kama hanyar Jos ko Kafanchan ko Yola. In yara a gida suka tambaye mu yadda Kano take, ba mu da labari sai na zafin rana da ƙarancin albashi.

A ƙasashen Turai matasa suna da wata al'ada. Yaro zai rataya jaka a baya, da kuɗi kaɗan a aljihu, ya tafi tsohon birni kamar Roma ko Atina, ya yi ta yawo da ƙafa yana kallon gine-ginen mutanen dā. Wani malamin makaranta Bajamushe mai suna Richard Schirrmann ne ya buɗe masaukin matasa mai araha na farko a garin Altena a 1912, domin 'ya'yan talaka ma su iya fita su ga duniya. A irin waɗannan masaukai baƙi suke kwana ɗaki ɗaya, su ci tare, su rabu suna abokai. Su sai sun biya kuɗin jirgi da na kwana. Mu kuwa tsohon birnin yana bayan katangar kamfaninmu, kuɗin adaidaita sahu kawai ya raba mu da shi.

Kuma ba ƙaramin birni ba ne. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa. Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarautar da ake kira Gidan Rumfa har yau, ya kuma kafa kasuwar Kurmi. Bature Hugh Clapperton ya iso nan a 1824, Heinrich Barth kuma a 1851, bayan ya ratso hamada. Sun sha wuya ƙwarai kafin su ga abin da mu muke wucewa ta gefensa kowace safiya.

Na san dalilin da ya hana mu shiga, ba kuwa zan ɓoye shi ba. Tsoro ne. Waɗanda suke nan a Oktoba 1991, da Oktoba 2001, da Mayu 2004 ba su manta ba, akwai kuma waɗanda suka rasa nasu. Ban zo in ce wa kowa ya yi wasa da ransa ba. Amma ku tuna da abin da ya faru a waɗannan kwanaki: da yawa daga cikin waɗanda suka tsira, maƙwabci ne ko abokin aiki ya ɓoye su a ɗakinsa, ko ya raka su har barikin soja. Wanda ya san sunanka da sunan 'ya'yanka shi ne yake buɗe maka ƙofa. Idan muka ƙi sanin kowa a cikin birni, mun rage wa kanmu ƙofofin. Su ma in ba su san mu ba, duk abin da aka faɗa musu a kanmu shi za su ɗauka. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.

To, ta yaya za a yi tafiyar? Ku zaɓi Asabar da safe, ku biyu ko uku, kada ku wuce biyar, gama babban ayari yana jawo ido kuma ba ya samun hira. Mutanen Sharaɗa da na Challawa da suke bin hanyar Panshekara, Ƙofar Gadon Ƙaya da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Ɗan'agundi suna kusa da ku. Mutanen Bompai, ku bi ta Fagge ku shiga ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai. Ku fara da Dala tun rana ba ta yi zafi ba. Akwai matakala har sama, daga can kuma za ku ga garin gaba ɗaya, da Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallaci. A gindin dutsen nan maƙera na farko suka zauna tun kafin a yi sarautar Kano. Daga nan ku gangaro Kurmi, sa'an nan Gidan Makama, wanda yake kusa da fada. Gidan tarihi ne, ana biyan ɗan kuɗin shiga, akwai kuma ma'aikatan da za su zaga da ku su nuna muku tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. Abinci kuwa ba sai kun nemi otal ba. Gurasar Jakara da ƙuli-ƙuli, da fura da nono, sun ishe ku wuni.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Kallon gini ba ya ba mutum aboki. Abin da zai buɗe muku baki da mutanen birni yana hannunku tun tuni, wato sana'arku.

Kai da kake aikin fata a Challawa, ka san warin jima, ka san fatar akuya mai kyau da wadda wuƙa ta ɓata. Ka je wurin majema da dukawa na cikin birni, wajen Ƙofar Wambai da rumfunan Kurmi. Ka gaishe su, ka ce kai ma aikinka ke nan amma da inji. Ka tambaye su yadda suke jima da bagaruwa. Fatar kakanninsu ce fatake suka riƙa ɗauka a kan raƙuma su haye hamada, har Turawa suka sa mata suna fatar Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Za ka ga dattijo ya gyara zama, ya tura yaro ya kawo maka ruwa.

Ke da kika yi aiki a masaƙa ko wurin rini a Bompai ko Sharaɗa, ki je marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498. Har yanzu da baba da toka ake haɗa ruwan rini a cikin rami, ana tsoma zane ana ɗagawa iska ta buge shi har shuɗin ya kama. A gefe mabuga suna dukan yadi da sanda har ya yi ƙyalli. Su ma kasuwarsu ta ja baya, ramuka da yawa sun bushe, kamar yadda masaƙunmu da dama suka rufe saboda rashin wuta da yadin da ake shigowa da shi daga waje mai araha. Ciwonku ɗaya ne. Mutum biyu da ciwonsu yake ɗaya ba sa rasa abin faɗa wa juna.

Idan lokaci ya rage, ku biya ta Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa. Wani mutumin Suwizalan ne ya zauna a ciki, Hanns Vischer, wanda ya ratsa hamada daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya kuma buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Saboda yadda ya iya harshen da yadda ya zauna da mutane aka sa masa suna Ɗan Hausa. In baƙo daga Turai ya sami wannan suna, mu da muka tashi da Hausa a bakinmu muna da uzuri?

Sai dai baƙo yana da nasa ladabi. Ku yi shiga ta mutunci; 'yan'uwa mata, ku yafa gyale. Ku fara da gaisuwa kafin tambaya, ku ce Baba ko Malam ko Alhaji, ku ce Hajiya ko Inna. Kada ku ɗauki hoton kowa da waya sai kun nemi izini. In an kira salla, ku koma gefe ku jira, kada ku ratsa gaban masu salla. Ku bar ranar Juma'a saboda cunkoso a wajen fada da masallaci. A watan azumi kada ku ci abinci a bainar jama'a. Gardamar addini da ta siyasa ku bar su a gida, ba su kuka je yi ba. In an tambaye ku sunanku, ku faɗi na gaskiya, Bitrus ko Rifkatu ko Istifanus, ba tare da tsoro ko tsokana ba. Ku sayi ɗan abu, ko maɓallin fata ne ko ƙyalle, gama mai sana'a da ita yake ci. In gari ba lafiya, ko ana zaɓe, ko kun ji jita-jita, ku ɗaga tafiyar. Ku koma gida kafin magariba.

Hanya mafi sauƙi kuma ita ce wannan. Kusan kowannenku yana da abokin aiki ɗan cikin birni, wanda kuke tsaye a inji ɗaya shekara da shekaru. Ran Litinin ku ce masa, "Malam, ina so ka nuna mini garinku." Da wuya Bakano ya ƙi wannan roƙo, don suna alfahari da garinsu. Ya raka ku, ku gaida mahaifansa in ya kai ku gida, ku kuma gayyace shi cin shinkafar Kirsimeti. Ku tafi da yaranku, domin kada su gāji tsoronmu ba tare da sun san garin da aka haife su ba.

Ina roƙon shugabannin matasa da na zumuntar mata su tsara rukuni na farko kafin taronmu na gaba, waɗanda suka je kuma su zo su ba mu labari, har da sunan wanda suka sani a can.

Allah ya kiyaye fitarku da shigarku, ya ba garin nan zaman lafiya.