Bashi da Ɗawainiyar Gida a Zangunan Akra: Tushen Matsalar da Hanyoyin Samun Taimako

Yawancin magidanta a Nima da Maamobi da sauran zangunan Akra kullum-kullum suke samun kuɗinsu. Mai sayar da waakye, da mai koko da ƙosai, da direban trotro, da mahauci, da tela, kowa abin da ya samo yau da shi za a ɗora tukunya. Manyan buƙatun gida kuwa a dunƙule suke zuwa: kuɗin haya, da na asibiti, da na aure ko suna ko rasuwa, kuma sau da yawa ba sa sallama. Tsakanin samu na kaɗan-kaɗan da biya na lokaci ɗaya ake faɗawa bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka cinsa ba abin kunya ba ne. Abin da ke rusa gida shi ne a ɓoye shi har ya yi yawa, sannan a nemi mafita wurin wanda zai ƙara dagula lamarin.

Tsadar rayuwa ta ƙara nauyin. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin 100, kuma a watan Mayu na 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince wa ƙasar da rancen dala biliyan 3. Hauhawar ta lafa daga baya, amma lafawarta na nufin farashi ya rage saurin hawa ne kawai. Shinkafa da mai da gas ba su koma inda suke a da ba.

Kuɗin haya

Haya ce babbar ƙofar bashi a zango. Dokar Haya ta 1963, wato doka mai lamba 220, ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida. A zahiri kuwa shekara ɗaya ko biyu ake nema. Idan aka ɗauki misalin ɗakin da ake biya sidi 400 a wata, kuɗin shekara biyu ya zama sidi 9,600 a lokaci guda, a hannun mutumin da zai iya biyan 400 ɗin kowane wata ba tare da ya ranta ba. Wannan ne ke sa mace ta kwashe jarin sana'arta ta kai wa mai gida, sannan ta koma neman rance don ci gaba da sana'ar.

Ɗan haya yana da inda zai kai kuka. Ofishin kula da haya, wanda jama'a suka sani da Rent Control, yana sasanta mai gida da ɗan haya, kuma doka ba ta yarda a watso kayan mutum waje ba tare da umarnin kotu ba. A watan Janairu na 2023 gwamnati ta ƙaddamar da shirin tallafin haya na ƙasa, inda ake biya wa mutum kuɗin gaba, shi kuma ya riƙa mayarwa wata-wata, muddin yana da Ghana Card da shaidar hanyar samun kuɗi. Duk kuɗin da aka ba mai gida, a karɓi rasit a adana.

Wuta da ruwa

A gidajen haya masu ɗakuna da yawa, mita ɗaya ce ke ɗauke da kowa. Idan wuta ta ƙare sai a zauna a ƙirga: kai ƙwan wuta biyu da fanka, ke firij da talabijin, wancan dutsen guga, a raba kuɗin gwargwadon kayan kowa. Rigimar maƙwabta da yawa daga nan take tasowa. Akwai kuma asarar da ba kowa ya lura da ita ba. Hukumar PURC, wadda aka kafa a 1997 don tsara farashin wuta da ruwa, ta ware farashi mai rahusa ga masu shan wuta kaɗan a wata. Gidan da iyalai goma ke kan mita ɗaya yana wuce wannan iyaka tun farkon wata, sai talakawa goma su biya farashin mai shan wuta da yawa. Neman mita ta daban daga kamfanin wuta na ECG yana da ɗawainiya, amma yana rage kuɗi kuma yana kashe faɗa. Wanda ya ga lissafinsa bai yi daidai ba ya fara kai ƙorafi kamfanin, in ba a saurare shi ba ya wuce PURC.

Gidan da ba famfo kuwa jarka-jarka yake sayen ruwa, gidan da ba bayi kuma kowane shiga sai an biya. Kuɗin ƙanana ne, shi ya sa ba a ƙirga su. Wanda ya rubuta su na mako ɗaya kacal zai ga inda cinikinsa ke zurarewa.

Lafiya da makaranta

Rashin lafiya ba ya jiran mutum ya shirya. Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, wadda aka kafa da dokar 2003, ta ɗauke kuɗin shekara ga yara 'yan ƙasa da shekara 18, da tsofaffi daga shekara 70, da mata masu ciki, da marasa galihu. Ana sabunta katin ta waya da lambar *929#. Sau da yawa sai an isa asibitin Maamobi da yaro yana zazzaɓi ake tuna kati ya mutu, sai a fita neman rance cikin dare. Shirin LEAP, wanda ya fara a 2008, yana ba gidaje mafi talauci tallafin kuɗi ta ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Tun Satumba na 2017 an ɗauke kuɗin babbar sakandare, sai dai akwati da katifa da guzuri suna nan a wuyan iyaye, kuma tunda an san lokacin zuwansu ana iya tara kuɗinsu tun da wuri.

Inda ake ajiya da inda ake rance

Adashi da susu su ne bankin zango tun kafin bankuna su san hanyar unguwar. Mai susu yana zagayawa kullum; wanda ke zuba sidi 10 na kwana 31 zai karɓi 300 a ƙarshe, zubin kwana ɗaya ladan mai tarawa ne. Tsarin ya dace da mai samun kullum, amma ya dogara kacokan ga amana, don haka a tabbatar mai susun yana cikin ƙungiyarsu mai rajista kuma yana sa hannu a kati kowace rana.

Tarihi na kusa ya isa gargaɗi. A 2018 hukuma ta dakatar da kamfanin Menzgold, kuɗin dubban mutane ya maƙale. Ranar 31 ga Mayu, 2019, Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347. Duk wanda ya yi alkawarin ribar da ta zarce hankali, a gudu. Kafin a ajiye ko a ranta, a duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi na Babban Bankin.

Sabon tarko yana cikin waya. Manhajojin rance marasa lasisi suna ba da kuɗi cikin minti kaɗan da ruwa mai yawa, bayan sun kwashe lambobi da hotunan da ke wayar mutum. Da zarar an makara sai su aika wa dangi da abokai saƙon cin mutunci. A 2023 Babban Bankin ya fitar da sunayen irin waɗannan manhajoji kusan ɗari. Wanda aka yi wa barazana ya kira hukumar tsaron intanet a lamba 292, kada ya ci wani bashin don toshe bakinsu.

Matakan fita

Mataki na farko shi ne a rubuta duk bashin a takarda ɗaya: wa ake bi, nawa ne, yaushe ne wa'adi, akwai ruwa ko babu. Na biyu, a fifita abin da rashin biyansa zai hana kwana a ɗaki ko cin abinci, sai kuma bashin da ruwansa ke ƙaruwa. Na uku, a je wurin mai bin bashi kafin ya zo, a faɗa masa abin da za a iya biya a mako, a kuma cika. Na huɗu, miji da mata su san halin da ake ciki tare, domin bashin da aka ɓoye wa abokin zama yakan ƙare a gaban liman ko sarkin zango. Idan magana ta kai kotu, Hukumar Taimakon Shari'a tana tsaya wa marasa hali.

Addini ya riga ya shimfiɗa wannan hanya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, tana magana ne kan rubuta bashi da kafa shaidu, surar kuma ta yi umarni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin rukunin mutane takwas da suka cancanci zakka.

Haƙƙin al'umma

Akwai bashin da al'umma ce ke ɗora wa mutum: yayin biki bayan yayin biki, da lefen gasa, da hidimar rasuwa da ta fi ƙarfin marayu. Limamai da sarakunan zango da shugabannin mata suna da ikon sa wa wannan iyaka. Asusun Zakka da Sadaka na Gana, wanda Musulmin 'yan majalisa suka kafa a 2010, da Asusun Raya Zanguna da aka yi wa doka a 2017, sun nuna cewa ana iya tsara taimako. Ya rage ga kowane masallacin Juma'a a Nima da Maamobi ya kafa kwamitin amintattu masu riƙe sirri, da asusun rance marar ruwa, da rana ɗaya a mako da mai damuwa zai zo da takardunsa a zauna a duba tare da shi. Wanda bashi ya dame shi kuma ya yi magana tun yau, domin kowane wata na shiru ƙarin kuɗi ne a kansa.