Tsumman Yaro da Tausayin Iyaye

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku iyaye masu saurare, yaro bayan yaye yakan liƙe wa tsohon zanen uwarsa, ko majanyinsa, ko ƴar tsana, ba ya barci sai da shi. Wannan ba shafar aljanu ba ce, ƙamshin uwa yake nema.

Ya zo cikin hadisi cewa Abu Umairu, ƙanen Anas ɗan Maliku, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya same shi cikin baƙin ciki, ya tambaye shi labarinsa da tausasawa. Bai raina damuwar yaro ba.

Saboda haka kada mu fizge, kada mu ƙone, kada mu ce kura ta ɗauke. Ƙarya ga yaro ma ƙarya ce, balle da azumi a baki. Mu riƙa wanke masa tsummansa, mu bar masa shi lokacin barci. In ya samu abokan wasa, da kansa zai yar.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya karɓi ibadunmu. Amin.