Kashi Na Biyu Na Fim Ɗin Kisa



Ku leƙa shagon masu tura fim ranar kasuwa. Yaro zai miƙa waya, ya ce a sa masa Scream har da kashi na biyu. Fim ne na Amurka, wani mai rufe fuska yana bin matasa da wuƙa.

Kashi na biyu yana da abin yabo. Sidney, yarinyar da ta tsira a kashi na farko, ta dawo, kuma firgicin bai sake ta ba. Haka rayuwa take.

Amma kashi na biyu ya ƙara jini. Gawa ta yawaita, tausayi ya ragu, har yaro yana ƙirga matattu yana dariya. Abin da ke damuna ke nan.

Mai shago, don Allah ka dubi shekarun yaro kafin ka tura.